YOYON RUWAN SAMA A CIKIN MOTA: YADDA AKE GANO MAFARINSA DA YADDA AKE MAGANCE SHI

Gabatarwa

Kowace shekara, da zarar damina ta kankama, masu motoci da direbobin haya a ko'ina cikin Nijeriya sukan shiga wata damuwa wadda ba a cika maganarta ba, watau shigar ruwan sama cikin mota. Mutum ya ɗaga gilasai, ya kulle ƙofofi, ya je ya kwanta, amma da gari ya waye sai ya tarar da kafet sharkaf, ko kujera ta yi danshi, ko kuwa wani wari na tashi kamar na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Da yawa sukan ɗauki wannan ƙaramin abu ne, su sa tsumma su goge, su ci gaba da harkokinsu. Wannan kuwa babban kuskure ne. Ruwan da ya kwanta a ƙarƙashin kafet yana cin ƙarfen gindin mota, yana lalata wayoyin lantarki, yana kuma cutar da lafiyar masu shiga motar.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Manufar wannan ɗan littafi ita ce a nuna wa jama'a yadda za su nemo tsagar nan bisa tsari, ba tare da ɓarnar kuɗi ba. An ɗauki misalai daga yankin Ngojin na Ƙaramar Hukumar Potiskum, amma bayanin ya shafi kowane mai mota, ko a wace jiha yake zaune.

Abin da yanayin ƙasa ke yi wa mota

Ngojin tana cikin Jihar Yobe, wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Borno ranar 27 ga Agusta 1991. Garin Potiskum mahaɗar manyan hanyoyi ne. Nan hanyar Kano da ta biyo ta Azare take haɗuwa da ta Jos da Bauchi, su miƙa zuwa Damaturu da Maiduguri. Kasuwar shanun garin tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. Saboda haka mota a wannan yanki abin neman abinci ce, ita ke kai manomi da hatsinsa kasuwa, ita ke kai majiyyaci asibiti. Ranar da ta kwana a gareji, akwai gidajen da za su ji a jikinsu.

A irin wannan ƙasa, kowane lokaci na shekara yana da tasa ɓarnar. Da hunturu, ƙura takan shiga kowane lungu na mota ta kwanta. Da bazara, musamman a watannin Afrilu da Mayu, zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, robobin ƙofa da na gilashi su bushe, su ƙanƙance, su tsattsage. Daga nan sai damina ta sauka, daga wajen Yuni zuwa Satumba, ruwa ya fi ƙarfi a Agusta. Ruwan farko ya kwaɓa ƙurar nan ta zama laka, lakar ta toshe hanyoyin da ruwa zai bi ya fita.

Yana da kyau a san yawan ruwan da ake magana a kai. Ruwan sama milimita 1 a kan fili mai murabba'in mita 1 daidai yake da lita 1. Ƙaramar mota mai tsawon mita 4.5 da faɗin mita 1.8 tana rufe fili kimanin murabba'in mita 8. Ke nan idan aka yi ruwa milimita 30 a dare guda, abin da ya zuba a kanta ya kai lita 240, fiye da cikin durom guda mai cin lita 200. Ko kashi 1 cikin 100 na wannan ruwa ya sami hanya ya shiga, ya wuce lita 2, ya kuwa isa ya jiƙa gefe guda na kafet.

Yadda aka tsara mota ta fitar da ruwa

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne, ba a ƙera mota a toshe kamar tulu ba. Tsarinta ya fi kama da na soro. Ruwa yana zuba a kan soro, ya gangara, ya bi indararo ya fita waje. Muddin indararo na buɗe, ɗaki na lafiya. Ran da ya toshe, ruwa ya taru a bisa, ya nemi hanya ta cikin azara. Haka mota take da nata indararon a wurare da dama, kuma galibin yoyo daga toshewarsu yake farawa. Ga muhimman wuraren:

1. Kwarin gindin gilashin gaba. Tsakanin gilashin gaba da bonet, a ƙarƙashin robar da waifa ke zaune, akwai wani kwari da ke karɓar duk ruwan da ya gangaro daga gilashi. Yana da mafita a gefensa biyu, wadda ke zubar da ruwa ta bayan tayoyin gaba. A cikin kwarin nan ne kuma bakin da fanka ke shaƙo iskar waje yake. Idan mafita ta toshe, ruwa ya cika kwarin, sai ya malala ta bakin fanka ya sauka cikin mota. Tun da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, sitiyarin motocin ƙasar nan yana hagu, fanka kuwa galibi tana dama. Shi ya sa ƙafar fasinjan gaba ta fi jiƙewa.

2. Ƙofofi. Robar da ke goge gilashin ƙofa ba ta tare ruwa duka. Wani yakan shiga cikin ƙofar, ya sauka ƙasa, ya fita ta wasu ƙananan huda da ke gindinta. A bayan marfin ƙofa na ciki akwai wata leda da aka manna don ta hana wannan ruwa taɓa marfin. Sau da yawa wanda ya buɗe ƙofa don gyaran makulli ko injin ɗaga gilashi yakan yage ledar ya jefar.

3. Gilashin gaba da na baya. Tsofaffin motoci, irin su Peugeot 404 da 504 da aka harhaɗa a Kaduna, inda kamfanin ya fara aiki a 1975, roba ce ke riƙe da gilashinsu. Motocin zamani kuwa da wani gam mai ƙarfi ake manna gilashin a jikin ƙarfe. Roba takan tsufa, gam kuma yakan saki idan ba a share wurin da kyau ba lokacin canja gilashi.

4. Tagar rufi. Motar da ke da taga a rufinta tana da tire a kewayen tagar, da 'yan siraran tiyo, galibi huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, waɗanda ke bin cikin ginshiƙan mota su zubar da ruwa ƙasa. Ƙura kaɗan ta isa ta toshe su.

5. But. Ruwa na shiga but ta robar murfi, ko ta bayan fitilun baya, ko ta wasu ƙananan tagogin fitar da iska da ke ɓoye a bayan bamba. Daga nan yakan taru a ramin safaya.

6. Hudar da mutane suka yi. Duk inda aka huda jikin mota don a ɗaura kariya, ko eriya, ko a shigar da wayar rediyo ko ta ƙarin fitila, to an buɗe wa ruwa ƙofa, sai fa idan an sa roba an toshe da kyau.

7. Gindin mota. Akwai robobin toshiya a gindin kowace mota. Idan ɗaya ta faɗi, ko tsatsa ta huda ƙarfe, ruwan da taya ke fesowa zai shiga ta ƙasa.

Mataki na farko: wane irin ruwa ne?

Kafin a ɗora wa ruwan sama laifi, wajibi ne a tabbatar shi ɗin ne. A ɗauki farar takarda ko farin ƙyalle a danna a wurin da ya jiƙe, a duba launi, a shinshina, a murza da yatsa. Kada a kuskura a ɗanɗana.

Ruwan sama ba shi da launi ko santsi, sai dai ɗan jirwayen laka, kuma bayan an yi ruwa ko an wanke mota yake bayyana.

Ruwan na'urar sanyaya iska shi ma fari ne tas, amma yana da sanyi, kuma yana zuba ne lokacin da na'urar ke aiki, ko da an yi mako ba a ga hadari ba. Asalinsa raɓa ce da na'urar ke tatsowa daga iska, wadda ya kamata ta bi wani ɗan tiyo ta ɗiga a ƙarƙashin mota. Idan na'ura ta daɗe tana aiki a ranar da iska ke da laima amma ba a ga ɗigon ruwa a ƙasa ba, to tiyon ya toshe. Wani lokaci zanzaro ne ya yi gininsa a bakin.

Ruwan lagireto yakan zo da launi, kore ko ja ko ruwan hoda, yana da santsi da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi. Idan ruwan rijiya kawai ake zuba wa lagireton, zai fito da ɗumi da launin tsatsa. Yana fitowa ne daga ƙaramin lagireton hita da ke bayan dashbod, kuma za a ga ruwan babban lagireto na raguwa. Wannan ruwa mai launi guba ne, a nisanta shi daga yara da dabbobi.

Idan kuwa abin da aka gani mai ne mai santsi a kusa da abin taka kuloci ko birki, to magana ta wuce yoyon ruwa. Kada a hau hanya da motar sai bakanike ya duba ta.

Mataki na biyu: tambayoyi huɗu

Ruwa ba ya tsami banza. Mai mota ya zauna ya amsa wa kansa waɗannan tambayoyi, domin amsarsu takan rage rabin aikin.

Na ɗaya, yaushe ruwan ke shiga, mota na tsaye ko tana tafiya? Idan tana tsaye ne, ta sama yake shigowa. Idan sai ana tafiya cikin ruwa, a fi zargin gindin mota, da ramukan taya, da bangon da ke tsakanin inji da ƙafafun direba.

Na biyu, yaya motar ke tsayawa? Wani yoyo ba ya bayyana sai gaban mota na kallon gangara, wani kuma sai ta karkata gefe guda.

Na uku, wane aiki aka yi mata kwanan nan? An canja gilashi? An buɗe ƙofa? An yi mata walda da fenti bayan karo? An sa sabuwar rediyo? Yoyon da ya fara bayan gyara, a wurin gyaran ake fara nemansa.

Na huɗu, a ina ake ajiye ta? Motar da ke kwana a gindin darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina, kullum ganye da 'ya'yan itacen suna zuba cikin kwarin gilashinta.

Mataki na uku: karanta alamu

Babbar ƙa'ida ita ce, inda ruwa ya kwanta dabam, inda ya shigo dabam. Ruwa yakan bi waya ko gefen ƙarfe ya yi tafiya mai nisa kafin ya ɗiga, daga nan ya gangara wuri mafi zurfi. Don haka a fara daga inda ya taru, a bi sawunsa zuwa sama da tocila. A nan ƙurar hunturu takan yi amfani, gama ruwan da ya bi ta kan ƙura yakan bar layi a fili.

Idan ƙafar fasinjan gaba ce ta jiƙe, a duba kwarin gindin gilashi da tiyon na'urar sanyaya iska. Idan ƙafar direba ce, a duba robobin da wayoyi da igiyar buɗe bonet suka ratsa ta cikinsu. Idan dokin ƙofa ne ya jiƙe, ko gindin marfin ƙofa ya yi jirwaye, ledar ƙofa ce ko robarta. Idan aka ji ruwa na kaɗawa cikin ƙofa yayin buɗe ta, hudar gindinta ta toshe. Idan silin ɗin mota ya yi tabo, ko bel ya fito a jiƙe, a duba tagar rufi, da ƙusoshin kariya, da gindin eriya, da saman gilashi. Idan ƙafar mazauna baya ce kaɗai, a tuna cewa ruwan yana iya gangarowa daga gaba ko daga but ta ƙarƙashin kafet. A kuma riƙa ɗaga shimfiɗar but ana leƙa ramin safaya, domin ruwa na iya yin wata guda a can ba wanda ya sani.

Mataki na huɗu: gwaji da ruwa

Wannan aikin mutum biyu ne, ɗaya a ciki da tocila, ɗaya a waje da ruwa. Ba lalle sai da famfo ba. Inda ruwa ke da wuya, buta da jarka ɗaya ko biyu sun wadatar.

Da farko a ajiye mota a inda ta saba tsayawa, a kashe inji, a cire shimfiɗun ƙafa, a ɗaga kafet gwargwadon iko, a goge ko'ina ya bushe. A shimfiɗa tsofaffin jaridu a wuraren da ake zargi, ko a barbaɗa hoda, don ɗigon farko ya nuna kansa.

Sa'an nan a fara zuba ruwa daga ƙasa a yi sama. Wannan shi ne sirrin gwajin. Wanda ya fara daga rufi ya jiƙa mota duka a lokaci guda, ba zai san ta ina ruwa ya shiga ba. A fara da gindin ƙofa, sai gefenta, sai gindin gilashin ƙofa, sai kwarin gilashin gaba, sai gefen gilashin, sai samansa, daga ƙarshe rufi. A ba kowane wuri kamar minti biyar, ana zubawa a hankali kamar ruwan sama. Kada a yi amfani da injin wankin mota mai feshi da ƙarfi, domin yakan tura ruwa ta robar da lafiyarta lau, ya sa a zargi wurin da ba shi da laifi. Da zarar na ciki ya ga ɗigo, ya ƙwanƙwasa, a dakata, a yi wa wurin alama da alli.

Akwai wasu ƙananan gwaje-gwaje masu taimako. Don a gwada robar ƙofa, a sa tsinken takarda a rufe ƙofa a kansa, a ja. Idan ya zare ba tare da turjiya ba, robar ba ta matsewa a nan. A yi haka a kewaye ƙofar duka. Don a gwada gilashi, a rufe ko'ina, a kunna fanka a kan iyakar ƙarfinta tana shigo da iskar waje, a shafa ruwan sabulu a gefen gilashin ta waje. Inda kumfa ya riƙa tasowa, nan iska ke fita, nan kuma ruwa ke shiga. Don a gwada tagar rufi, a buɗe ta, a zuba rabin kofi na ruwa a kowace kusurwar tire, a duba ko ya fito a ƙarƙashin mota nan da nan. Wajen gwada but, a kwantar da kujerun baya a leƙa ta ciki. Kada a taɓa rufe mutum a cikin but, balle yaro.

Misali

A ɗauka ga direban da ke jigilar fasinja tsakanin Ngojin da kasuwar Potiskum. Cikin watan Yuli ya lura duk daren da aka yi ruwa, ƙafar kujerar gaba ta dama takan jiƙe. Wani ya ce masa gilashin gaba ne, sai an cire an sake mannawa. Da ya bi wannan shawara, da ya kashe kuɗi masu yawa, ya kuma yi asarar aikin yini.

Maimakon haka sai ya bi tsari. Ya danna farin ƙyalle, ya ga ruwa ne fari, motarsa kuwa na'urar sanyinta ta daɗe ba ta aiki, ruwan lagireto bai ragu ba. Ke nan ruwan sama ne. Ya tuna cewa mota na tsaye abin ke faruwa, kuma gindin darbejiya take kwana. Ya sa yaron motarsa a ciki, ya zuba ruwa a ƙofa, ba a ga komai ba. Da ya zuba a kwarin gindin gilashi, sai ya lura ruwa ba ya fitowa ta bayan tayar dama, jim kaɗan kuma yaron ya ga ɗigo daga ƙarƙashin fanka. Da aka ɗaga robar kwarin, sai ga ruɓaɓɓen ganye da laka sun cushe mafita. Aka kwashe, aka ɗauraye, magana ta ƙare. Gilashin da aka so a cire ba abin da ya same shi.

Gyara, da kurakuran da za a guje wa

Mafitar da ta toshe, da hannu ake kwashe dattinta, a zura igiyar roba mai laushi a hankali, a bi da ruwa. Kada a zura wayar ƙarfe cikin tiyon tagar rufi, tana huda shi. Kada kuma a hura masa iskar injin mai faci, domin ƙarfinta kan fizge tiyon daga mazauninsa a can cikin ginshiƙi, ƙaramin aiki ya zama babba.

Kada a toshe hudar gindin ƙofa da sunan hana ruwa shiga. Ta fitar ruwa ce. Ledar ƙofa da ta yage, a yanka wata mai kauri a manna ta yadda gindinta zai mai da ruwa cikin ƙofar.

Robar da ta tsage ko ta taurare, canja ta ake yi. Wadda ke da sauran rai, a wanke ta da sabulu a shafa mata gilisarin ko man silikon. Kada a shafa mata baƙin mai ko giris, suna kumbura roba su kashe ta.

Kada a cusa farin gam ɗin nan na aikin gini, mai warin tsami, a gefen gilashin mota. Tsaminsa yana jawo tsatsa, yana kuma hana fenti da gam na ainihi kamawa daga baya. Gilashin da gam ɗinsa ya saki, a kai wa gwanin aikin ya cire, ya kankare tsatsa, ya sake mannawa, a kuma jira gam ya kama kafin a hau hanya. A motocin zamani gilashin gaba yana taimakawa wajen tallafe rufi idan mota ta kife, don haka mannin sa batun rai ne.

Hudar tsatsa a gindin mota aikin mai walda ne, ba a rufe ta da kwali ko buhu. Abin lura a nan shi ne, hudar da ruwa ke shiga, hayaƙin salansa ma yana shiga ta nan. A cikin hayaƙin akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana sa ciwon kai da jiri da gyangyaɗi, tana kuma kisa. Motoci masu ƙofar baya, da bas-bas, sun fi zuƙo wannan hayaƙi idan robar ƙofar bayan ta lalace.

Busar da mota

Gyara bai cika ba sai mota ta bushe. A ƙarƙashin kafet akwai wata shimfiɗa mai kauri mai kama da soso, wadda ke riƙe ruwa da yawa ko da saman kafet ya bushe. A ɗaga kafet, a fitar da shimfiɗar a shanya a rana, a bar ƙofofi a buɗe. Funfuna kan fara tsirowa cikin kwana ɗaya zuwa biyu a wuri mai danshi, tana kuwa tayar da tari da ciwon asma, musamman ga yara da tsofaffi. Danshin ciki kuma shi ke sa gilashi ya yi hazo direba ya kasa ganin hanya.

Motocin zamani da yawa suna da mahaɗar wayoyi da ƙananan kwamfutoci a ƙarƙashin kafet ko kujera. Idan ruwa ya kai gare su, a cire kan batir na baƙar waya kafin a taɓa komai. Wayoyi masu launin rawaya galibi na jakar iska ne, a bar wa ƙwararre. Kada a sa garwashi ko risho a cikin mota don ta bushe, akwai haɗarin gobara da na shaƙar guba.

Ambaliya da sayen tsohuwar mota

Yoyo dabam, nutsewa dabam. Ranar 10 ga Satumba 2024, bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, ambaliya ta mamaye babban ɓangare na birnin Maiduguri, motoci masu yawa suka nutse. Motar da ruwa ya shanye kada a tayar da injinta, domin ruwan da ya shiga cikinsa yana iya lanƙwasa ƙarafunsa nan take. A jawo ta zuwa gareji. Haka kuma direba ya kiyayi ƙetare ruwan da ke gudu a kan hanya. Zurfin santimita 30 ya isa ya ɗaga ƙaramar mota, santimita 60 kuwa yana tafiya da manya.

Mai sayen mota ta hannu ya buɗe idonsa. A ƙasashen waje ma ambaliya na cinye motoci, kamar yadda guguwar Harvey ta lalata dubban ɗaruruwa a Amurka cikin 2017, kuma wasu daga cikin irin waɗannan sukan shiga kasuwar gwanjo. Motocin ƙasashen sanyi kuwa, inda ake barbaɗa gishiri a kan titi saboda ƙanƙara, sukan zo da tsatsa a gindi. Mai saye ya shinshina cikin mota kafin a kunna fanka, ya ɗaga kafet, ya leƙa ramin safaya, ya jawo bel har ƙarshe ya ga ko akwai tabon laka, ya duba ƙusoshin kujeru ko sun yi tsatsa. Turare mai yawa a tsohuwar mota abin tuhuma ne.

Rigakafi

Rigakafi ya fi magani. Cikin watan Mayu, kafin ruwan farko, kowane mai mota ya share kwarin gindin gilashi, ya buɗe hudar ƙofofi, ya gwada tiyon tagar rufi, ya shafa wa robobi mai, ya canja robar waifa idan ta mutu. Hukumar Kula da Hasashen Yanayi ta Nijeriya, NiMet, takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, wanda ke nuna lokacin da ake sa ran saukar ruwa a kowane yanki. Cikin damina, ya riƙa sa hannu a ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa bayan kowane babban ruwa, ya kuma kwashe ganye sau ɗaya a mako. Bayan damina, ya duba gindin mota, ya kashe duk tsatsar da ta fara tun tana ƙarama.

Ana kira ga shugabannin tashoshin mota da masu gareji da su karanta wa direbobi da yaransu wannan bayani, musamman waɗanda ba su iya karatu ba. Ana kuma kira ga makanikai da masu gyaran jikin mota da su mai da kowace leda da kowace roba inda suka same ta, su kuma gwada da ruwa a gaban mai mota kafin su karɓi ladan aikinsu. Mota dukiya ce mai tsada, yawancin kayan gyaranta daga waje ake sayo su, rayukan jama'a kuma amana ne a hannun direba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.